Hasken da ke leƙa ƙwaƙwalwar bakwaini: Na'urar ta iya awo, amma ba ta rage mutuwa ba

A watan Afrilun 2023 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta wallafa sakamakon wani bincike da likitocin jarirai suka shafe shekaru suna dako. An gudanar da shi a asibitoci 70 cikin ƙasashe 17, a kan jarirai 1,601 da aka haifa tun cikinsu bai cika mako 28 ba. Tambaya ɗaya aka nemi amsarta: idan aka manna wa bakwaini wata 'yar na'ura a kai, tana haska ƙwaƙwalwarsa da hasken da ido ba ya gani, tana sanar da likita yawan iskar oksijin da ke ciki dare da rana, shin mutuwa da lalacewar ƙwaƙwalwa za su ragu?

Cikin jarirai 772 da aka manna wa na'urar kuma aka samu cikakken bayaninsu, 272 sun mutu ko sun samu mummunar illa a ƙwaƙwalwa, wato kashi 35.2 cikin 100. Cikin 807 da aka kula da su yadda aka saba, 274 ne abin ya shafa, kashi 34 ke nan. A ma'aunin masu bincike babu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu. Na'urar ta auna abin da aka ƙera ta domin aunawa, likitoci sun ga lambobin, an ba su jagorar matakan da za su ɗauka, amma adadin jariran da aka rasa bai motsa ba.

Wannan batu ya shafi Najeriya fiye da yadda nisan asibitocin zai sa a zata. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2023 sun nuna cewa an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya a shekarar 2020, wato ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Najeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan, da kimanin 774,000 a shekara guda. Ƙasar da ke da irin wannan adadi kasuwa ce ga duk mai sayar da na'urar ɗakin jarirai, kuma takardun sayen irin waɗannan kaya ta teburan ma'aikatan gwamnati suke bi.

Daga ƙashin nama zuwa kan jariri

Duk yaron da ya taɓa ɗora tocila a tafin hannunsa cikin dare ya ga tushen wannan fasaha. Yatsun sukan yi ja wur, domin tsoka da jini suna shanye sauran launukan haske, jan ne kawai ke iya ratsawa. A jerin launukan bakan gizo ja ne a baki. Gaba da shi kaɗan akwai wani haske da idon ɗan Adam ba ya kamawa, wanda masanin taurari William Herschel ya gano a Ingila a 1800, lokacin da ya ajiye ma'aunin zafi a gefen jan launi, inda babu abin da ake gani, ya tarar zafi ya hau. Ɓangaren wannan haske da ya fi kusa da ja, mai tsawon zango tsakanin nanomita 700 zuwa 1,000, shi ne rimot ɗin talabijin ke aika saƙo da shi. Za a iya kiransa hasken bayan-ja. Ya fi jan ma iya ratsa jiki, har ƙashi.

Frans Jöbsis, masanin aikin sassan jiki a Jami'ar Duke da ke Amurka, shi ne ya fara kawo shi fagen likitanci. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, a ƙarshen 1976 yana cin gasasshen naman sa da iyalinsa, sai ya ɗaga wani faffaɗan ƙashi da ya fito daga naman ya kara shi da haske, ya ga inuwar yatsa ta bayansa. Ya ce a ransa, idan jan haske zai ratsa ƙashi mai wannan kauri, hasken bayan-ja zai ratsa ƙoƙon kai. A 1977 ya wallafa sakamakon gwaje-gwajensa a mujallar Science.

Abin da ya sa hasken ke da amfani shi ne himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ja ne mai haske, wanda ya sauke kayansa kuwa yakan yi duhu. Wannan bambancin launi yana nan har a hasken bayan-ja: ƙasa da nanomita 800, jinin da ya sauke oksijin ya fi shan hasken, sama da haka kuma mai oksijin ne ya fi sha. Idan aka aika haske iri biyu ko fiye cikin kai, aka auna abin da ya dawo daga kowanne, lissafi zai fitar da kason himogulobin da ke ɗauke da oksijin a wurin. A faifan da ake manna wa jariri akwai 'yar fitila da kuma idanu masu karɓar haske, ɗaya kusa, ɗaya nesa da santimita kaɗan. Hasken yakan shiga, ya watse, wani kaso ya lanƙwaso kamar ayaba ya fito wajen idanun. Na kusa yana karanta fata da ƙashi, na nesa yana karanta abin da ya fi zurfi, sai na'urar ta fitar da na ƙwaƙwalwa. Likitoci suna taƙaita sunan fasahar da NIRS.

Babu kan da ya dace da wannan awo kamar na bakwaini. Fatarsa siririya ce, ƙashin kansa bai yi kauri ba, gashi kaɗan ne. A 1985 likitar jarirai Jane Brazy da abokan aikinta, ciki har da Jöbsis, suka ba da rahoton gwajin farko a kan bakwaini. Shekara guda bayan haka wata tawaga a Kwalejin Jami'a ta Landan, da ta haɗa da John Wyatt da David Delpy da Osmund Reynolds, ta nuna yadda za a mayar da hasken lambobin da za a iya kwatantawa. Zuwa shekarun 1990 kamfanoni sun shigo da na'urori irin su INVOS da NIRO kasuwa.

Wani zai ce ai asibitoci sun daɗe da na'urar auna oksijin, wadda ake maƙala wa babba a yatsa, jariri kuma a tafin ƙafa. Ita ma da haske take aiki, kuma injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Sai dai ita jinin da ke fitowa daga zuciya take aunawa, wato kayan da aka ɗora wa mota a tasha. Ba ta san ko motar ta isa ba, ko kayan sun wadatar da masu jira. NIRS kuwa akasarin jinin da take gani, kusan kashi uku cikin huɗu, wanda ya riga ya ratsa ƙwaƙwalwa ne yana kan hanyar komawa. Abin da ya saura a cikinsa shi ke nuna ko ƙwaƙwalwar ta ƙoshi ko tana yunwa. Jariri zai iya nuna 95 a ƙafa alhali jinin da ke isa kansa bai kai ba.

Awanni 72 na farko

Jaririn da aka haifa a mako na 26 sau da yawa bai kai kilo ɗaya ba. A tsakiyar ƙwaƙwalwarsa, gefen ramukan da ruwa ke kwanciya, akwai wani wuri da sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke tsirowa, cike da jijiyoyin jini marasa ƙwari. Hawan jini ya ɗan yi sama, sai su fashe, jini ya malala cikin ramukan. Ya yi ƙasa kuma, farin ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ɗauke da hanyoyin saƙo ya rasa abinci. Babban mutum yana da wata kariya ta halitta: jijiyoyin kansa sukan buɗe ko su tsuke da kansu domin jinin da ke shiga ya daidaita. A wurin bakwaini marar lafiya wannan kariya ba ta gama ƙarfi ba, takan zo ta tafi.

Yawancin irin wannan zubar jini a kwana ukun farko yake faruwa. Wanda ya rayu bayan mai tsanani yana iya tashi da shanyewar gaɓoɓi, ko farfaɗiya, ko ruwa ya taru masa a kai, ko ya kasa fahimtar karatu. Hoton sikanin da ake ɗauka ta maɗiga yana nuna ɓarnar, amma bayan ta auku. Burin masu NIRS shi ne a ga alamar tun da sauran dama.

Akwai kuma dalilin da ya sa likitocin jarirai ba sa wasa da awon oksijin, kuma dalilin tarihi ne mai ɗaci. A shekarun 1940 asibitocin ƙasashe masu arziki suka riƙa cika kwalaben renon jarirai da oksijin ba awo, bisa tunanin cewa abu mai kyau ba ya yawa. A 1942 likitan ido Theodore Terry na Boston ya bayyana wata sabuwar makanta a tsakanin bakwaini. Sai a 1951 likita Kate Campbell ta birnin Melbon a Ostireliya ta danganta ta da yawan oksijin, gwajin Arnall Patz a Amurka kuma ya ƙarfafa zancenta. Kafin a farga an ƙiyasta yara kusan 10,000 sun makance. Mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa bakwaini a 1950, da wannan cuta ya rasa idonsa.

Daga nan aka juya ɗaya gefen, aka riƙa ƙanƙame oksijin. Makanta ta ragu, mutuwa ta ƙaru. A 1973 Kenneth Cross ya yi lissafi a mujallar Lancet cewa kowane yaro ɗaya da aka kuɓutar daga makanta, an biya shi da rayuka kusan 16. Ko a wannan ƙarni muhawarar ba ta ƙare ba. Gwajin SUPPORT na Amurka da aka wallafa a 2010 ya kwatanta riƙe awon ƙafa tsakanin 85 da 89 da riƙe shi tsakanin 91 da 95. Ƙaramin awon ya rage cutar ido mai tsanani daga kashi 17.9 zuwa 8.6, amma mutuwa ta tashi daga kashi 16.2 zuwa 19.9. Tazarar maki shida kacal ta raba ido da rai. Likitan da ke tafiya a kan irin wannan siraɗi, ba abin mamaki ba ne ya so ganin abin da ke faruwa a cikin ƙwaƙwalwar kanta.

Abin da gwaje-gwajen suka nuna

Farfesa Gorm Greisen na asibitin Rigshospitalet da ke Kofanhegan a Danmak ne ya jagoranci jerin binciken da aka raɗa wa suna SafeBoosC. Zagaye na biyu, wanda mujallar BMJ ta wallafa a 2015, ya ƙunshi jarirai 166 a ƙasashen Turai takwas. An manna wa dukkansu na'urar, amma a rabinsu an rufe allon, likita ba ya gani. A ɗaya rabin an umarci likitoci su riƙe awon tsakanin 55 da 85, tare da jagorar abin da za su duba idan ya faɗi: hawan jini, yawan jinin kansa, ƙarfin bugun zuciya, saitin na'urar numfashi, da iskar kabon da ke cikin jini, domin idan ta yi ƙasa sosai jijiyoyin kai sukan tsuke. Sakamakon ya ƙarfafa gwiwa. Nauyin ficewa daga iyakar, idan aka haɗa tsawon lokaci da nisan ficewar, ya ragu da kashi 58 cikin 100.

Nan ne mai gaggawa zai rufe littafi ya kira ɗan kwangila. Masu binciken ba su yi haka ba, kuma sun cancanci yabo. Sun san cewa gyara lamba a allo daban, ceton jariri daban, don haka suka nemi kuɗin zagaye na uku, wanda ya ninka na biyu kusan sau goma. An fara sa ido cikin awa shida da haihuwa, aka ci gaba har awa 72, sannan aka jira lokacin da cikin zai cika mako 36 da ba a haihu ba, aka ƙirga matattu da waɗanda sikanin ya nuna musu babbar illa. Sakamakon shi ne wancan kashi 35.2 da kashi 34.

A watan Janairun shekarar, BMJ ta riga ta wallafa wani gwajin mai suna COSGOD III, ƙarƙashin jagorancin Gerhard Pichler na Jami'ar Likitanci ta Graz a Ostiriya. Shi minti 15 na farko bayan haihuwa ya duba, a jarirai 607 da ba su kai mako 32 ba. Waɗanda suka rayu ba tare da illar ƙwaƙwalwa ba sun kai kashi 82.9 a ɓangaren na'urar, kashi 78.5 a ɗaya ɓangaren. Tazarar tana da ban sha'awa, amma ba ta kai girman da za a rantse cewa ba dace ba ne.

Me ya hana? Na farko, awon kansa ba tsayayye ba ne. An nuna cewa idan aka cire faifan aka sake manna shi a kan jariri ɗaya, lambar kan sauya da kusan maki biyar. Faifan da aka yi wa jarirai yakan nuna kusan maki goma sama da na manya, kuma na'urar wannan kamfani ba ta yarda da ta wancan ba, har sai da masu SafeBoosC suka ware wa kowace irin na'ura tata iyakar. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, na'urar tana cewa akwai matsala ne kawai, ba ta faɗin wace ce. Likita zai zaɓa tsakanin ƙarin jini, ƙarin ruwa, maganin ɗaga hawan jini, ko ƙara oksijin, kuma kowanne yana da nasa haɗari ga jikin da bai kai kilo ba. Maganin da ya ɗaga lambar yana iya fasa jijiya. Na uku, wani ɓangare na illar tun a ciki yake farawa, daga ƙwayoyin cuta ko matsalar mabiyiya, inda babu faifan da zai kai.

Masu goyon bayan fasahar suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sikanin mako 36 ba ya faɗin yadda yaro zai yi magana ko karatu idan ya girma. Haka kuma NIRS ta samu wurin zama a ɗakunan tiyatar zuciya, na yara da na manya, inda jinin da ke zuwa kai kan iya yankewa farat ɗaya, likitan kuma ya san inda zai taɓa. Abin da binciken ya rushe shi ne zaton cewa manna ta ga kowane ƙaramin bakwaini zai rage mutuwa.

Inda Najeriya ta tsaya

Sunan da Bahaushe ya ba irin wannan jariri ya riga ya shata iyaka. Bakwaini ɗan wata bakwai ne, wato wajen mako 28 zuwa sama. A Najeriya ma mako 28 ne aka saba ɗauka a matsayin lokacin da ɗan tayi zai iya rayuwa a waje, abin da ya zo kafin nan a lissafa shi ɓari, duk da cewa manyan asibitocin koyarwa kan ceto wasu da ba su kai ba. Jariran SafeBoosC III kaf ɗinsu ƙasa da wannan iyaka suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da kashi 90 na irinsu kan mutu a kwanakin farko, a ƙasashe masu arziki kuwa ƙasa da kashi 10. Asibitocin gwajin suna Turai da Asiya da Arewacin Amurka, babu ko ɗaya a Afirka.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci saboda wani dalili na daban. Sinadarin da ke ba fata duhu shi ma yana shan haske. A Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa na'urar yatsa ta ɓoye ƙarancin oksijin a kashi 11.7 na awon da aka yi wa baƙaƙen fata, idan aka kwatanta da kashi 3.6 na farare. Manya ne aka auna a wancan binciken, kuma bakwaini ba ya zuwa duniya da cikakken duhun fatarsa. Duk da haka, iyakar da aka tsara a kan jariran wasu nahiyoyi tana buƙatar a gwada ta a nan kafin a dogara da ita.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin kowace haihuwa 1,000 suna mutuwa a watan farko a Najeriya. Abubuwan da aka tabbatar suna rage wannan adadi ba ɓoyayyu ba ne, kuma da asibitocin ƙasar nan aka tabbatar da wasunsu. Gwajin ACTION-I na 2020, wanda aka yi a Najeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangaladash, ya nuna allurar dekzametazon ga macen da naƙuda ke neman kama ta kafin lokaci ta rage mutuwar jarirai daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Magani ne mai araha da ake samu a ko'ina. A 2021 wani gwajin a ƙasashe biyar, da ya haɗa da asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife da asibitin Komfo Anokye a Kumasi, ya gwada ɗora jariri mai nauyin kilo 1 zuwa 1.8 a ƙirjin uwarsa, fata da fata, nan take bayan haihuwa. Mutuwa a kwana 28 ta sauka daga kashi 15.7 zuwa 12. Kayan aikin su ne ƙirjin uwa da zane, da ɗakin da za a bar ta ta kwana kusa da ɗanta.

Ko awon oksijin na yau da kullum bai wadata ba. Wani aiki da aka yi a asibitoci 12 na kudu maso yammacin ƙasar, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2019, ya tarar kafin a fara shi ƙalilan ne daga cikin yaran da aka kwantar ake auna musu oksijin. Inda kuma aka samu iskar, sau da yawa zallarta ake ba bakwaini, babu na'urar da ke gauraya ta da iskar gari, babu mai auna ƙafa. Likitocin ido a Afirka sun daɗe suna gargaɗin cewa makantar shekarun 1940 tana sake bayyana a nahiyar ta wannan hanya, yayin da ɗakunan jarirai ke ƙaruwa.

Saboda haka jami'in da takardar sayen NIRS ta iso teburinsa, ko hadimin ɗan majalisar da ke tsara aikin mazaɓa, yana da tambayoyin da suka wuce farashi. Faifan na'urori da dama sau ɗaya ake amfani da shi a yar, wanda ke nufin kuɗin waje kowane wata bayan an yanke ƙyallen buɗewa. Dole a riƙa sauya masa wuri a kan jariri bayan 'yan awanni don kada ya ji wa fata rauni, kuma ƙararrawarsa ba ta da amfani idan malamar jinya ɗaya ce ke zagaya kwalabe da yawa cikin dare. Asibitin koyarwa da ke tiyatar zuciyar yara, ko mai niyyar yin bincike a kan jariran ƙasar nan, yana da hujjar mallakarta. Babban asibitin jiha da har yanzu ke neman tsayayyar wutar lantarki ga kwalabensa, ba ita ce gaba a layinsa ba.

Su kuwa masu binciken na Kofanhegan ba su ajiye fitilar ba. A 2023 sun wallafa tsarin wani sabon gwaji mai suna SafeBoosC-IIIv, wanda zai duba jariran da aka haifa bayan mako 28 kuma aka ɗora su a na'urar numfashi. Waɗannan sun fi kama da jariran da ke kwance a ɗakunan kulawa ta musamman na Abuja da Kano da Ibadan.